Tambaya da Amsa: Daga duwatsun Shere zuwa hamadar Wadi Rum

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Unguwar Rogo a Jos. Shekara biyu ke nan ina hawan duwatsun Shere duk Asabar. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce in bi shi Wadi Rum ta ƙasar Jodan, mu yi kwana goma a hamada. Ya doshi saba'in, kuma gaskiya na fi shi sauri a kan dutse. Me zan ƙaru da shi? Anya na isa wannan tafiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na yi dariya da na zo wurin "na fi shi sauri", don ni ma na taɓa faɗar haka. Karin maganar babba da rimi ka san ta, ba sai na maimaita maka ba.

Fara da dutsen kansa. Na Shere mai tauri ne, inda ka kama nan ka kama. Na Wadi Rum dutsen yashi ne. Za ka ga wuri kamar hannun tukunya, ka damƙa, ya ɓantalo maka a tafi. Ka lura da dattijon nan in kun je: kafin ya ɗora nauyinsa sai ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa ya kasa kunne. In ya ji amo kamar na ƙwarya, sai ya wuce. Jinkirin da kake raina masa ke nan. In kuwa an yi ruwan sama, dutsen yashi yakan yi laushi, sai a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Kada kuma ku kafa tanti a cikin kori, wato busasshen rafi, ruwan da aka yi can nesa yana iya iso ku tsakar dare.

Tsayi ba shi ne matsalarka ba. Ƙololuwar Jabal Rum, sanannen dutsen Wadi Rum, mita 1,734 ce daga teku, ta Shere ma ta haura 1,800. Saukowa ce ke cin mutane. Can dutsen duk lunguna ne da tsaguwa masu kama da juna, hanyar da ka hau da safe ba lallai ka gane ta da la'asar ba. Shi ya sa har ƙwararru ke ɗaukar Badawiyyawan wurin, wato Larabawan hamada, su yi musu jagora.

Wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa, ya taɓa tsayar da ni a bakin gangare, na riga na saƙala igiya a ɗamara ina ɗokin sauka. Bai ce komai ba. Ya jawo igiyar gaba ɗaya, ya miƙo mini bakinta. Babu ƙulli. Da na zame har ƙarshe, da ta zare daga hannuna na wuce ƙasa. Ya sa na ƙulla na kwance har sau goma a tsakar rana, yana zaune yana cin dabino.

Ruwa kuwa, lita huɗu zuwa biyar a yini kowane mutum, ban da na girki. In goranka ya kai rabi, juyawa ake yi ko da ƙololuwa na gabanka. Ku tafi wajen Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba. Ka ɗauki rigar sanyin da kake sawa a hunturun Jos, daren hamada zai neme ta. Hular kwano dole.

Ko ka isa? Da shekara biyu, ka isa ka bi baya, ba ka isa ka ja gaba ba. Kafin ka sayi tikiti, ku yi Asabar huɗu a Shere kuna saukowa da igiya kawai, ɗaya daga ciki da almuru, da tocila a goshi. Sannan ka tambaye shi ƙarfe nawa yake juyawa in ba a kai sama ba. In ya faɗi lokaci kai tsaye, bi shi. In ya ce sai yadda ta yiwu, sake rubuto mini.

Ka kuma nemi izinin Hajiya tukuna.