Shin in sayi allurar naƙuda in ajiye a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Garwa. Iyalina tana da cikin wata takwas, kuma a haihuwarta ta baya sai da ta kwana biyu tana naƙuda. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya nuna mini allurar naƙuda, ya ce in saya in ajiye, da zarar ciwo ya taso maƙwabciyarmu mai yin allura ta yi mata. Ko ya dace in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar wannan allura a inda ka gan ta. Sunanta oksitosin, kuma kwafi ce ta wani sinadari da jikin mace yake saki daga ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda masana suka iya haɗa irinsa tun 1953. Idan ta shiga jini, tana sa naman mahaifa ya murɗe ya matse, kuma mahaifar da cikinta ya tsufa ta fi saurin amsa ta.

A asibiti, muddin jariri yana ciki, ba a tsira wa mace ita a cinya gaba ɗaya. A cikin ƙarin ruwa ake zuba ta, tana ɗiga a hankali, ungozoma ta ɗora tafin hannunta a kan cikin tana ƙirga murɗawar, tana kuma sauraren bugun zuciyar jariri. In abin ya yi yawa sai ta rufe robar, ƙarfin maganin ya ragu cikin 'yan mintuna. Wadda aka riga aka tsira a tsoka kuwa, ba mai iya janye ta. Doguwar naƙuda sau da yawa ba kasalar mahaifa ba ce, kan ɗan ne ya fi ƙugu, ko kwanciyarsa ba daidai ba, kuma matsa mahaifa a wannan hali yana iya fasa ta ko ya shaƙe jaririn, musamman ga macen da ta haihu da yawa ko aka taɓa yi wa tiyata.

Babban amfaninta yana zuwa ne bayan jariri ya faɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai haihuwa wannan allura, yunit 10 a ma'aunin likitoci, nan take, domin mahaifa ta dunƙule ta toshe jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe, kafin zubar jini ta kai rabin lita, wato ma'aunin da ake ɗauka a matsayin haɗari.

Akwai kuma batun ajiya. Ana son ta zauna a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin Garwa a watan Afrilu yakan haura 40. Kwalbar da ta yi makonni a kan tebur a kasuwa ruwanta garau yake, ido ba zai gane cewa ƙarfinta ya tafi ba.

Idan a asibiti suka rubuta maka ita, ka saya a farmasi mai rajista, ka ga an ciro ta daga firji, ka duba ranar ƙarewar wa'adinta, ka miƙa wa ungozoma ba tare da jinkiri ba. Kuɗin da ka ware wa mai kasuwa kuma ka riƙe su na mota, ka raka Hajiya awo cikin wannan makon, ku gaya musu yadda waccan naƙudar ta kasance. Allah ya sauke ta lafiya.