Marangu ko Machame? Ka fara ƙirga kwanakin da kake da su

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, an kuma gaya maka a cikin hanyoyin hawansa Marangu ta fi sauƙi, shi ne kake tambaya ko ita za ka bi. Ni na bi ta, na kuma bi Machame.

Gaskiya Marangu ba ta da wahalar taku, kuma a ɗakuna ake kwana, ba a tanti ba: Mandara, Horombo, sai Kibo. Amma a nan gizo ke saƙar. Da yawa cikin kwana 5 suke yin ta, dutsen kuwa tsayinsa mita 5,895 ne. Jiki ba ya sabawa da ƙarancin iska a gurguje haka. Ni a Kibo ciwon kai ya kama ni kamar ana sara da gatari, ga tashin zuciya, ko ruwa da ƙyar nake haɗiyewa. Na cije har Gilman, wani wuri a bakin saman dutsen kafin ƙololuwa, a nan jagoranmu ya dube ni ya ce mu juya. Na ji haushinsa ranar, amma shi ke da gaskiya.

Karo na biyu na bi Machame, kwana 7. Ta fi tsauri, sai dai tana da dabara. Rana ta uku za ku hau har wani tsayayyen dutse da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan ku gangaro sansanin Barranco ku kwana ƙasa da mita 4,000. Za ka ga kamar an yi asarar hawa, alhali wannan hawa da saukar su ne ke horar da jiki.

Washegari sai bangon Barranco. Daga sansani in ka ɗaga kai ka kalle shi gwiwarka za ta yi sanyi, amma ba a buƙatar igiya. Ka naɗe sandunanka ka soke a jaka, aikin hannu da ƙafa ne. Akwai wata matsattsiyar gaɓa da dole ka rungumi dutse ƙirji da ƙirji, ka ja ƙafa a hankali ka wuce. Kana cikin wannan 'yan dako za su wuce ka da kaya niƙi-niƙi a ka, suna ce maka "pole pole", wato sannu-sannu.

Daga Barafu, sansani na ƙarshe kafin ƙololuwa, da tsakar dare ake tashi, da fitilar goshi, a kan tsakuwa mai zamewa. Ka sa gorar ruwanka cikin riga, don tawa a gefen jaka ta daskare. Wajen fitowar rana muka kai Stella, a bakin saman dutsen, daga nan kamar awa guda zuwa Uhuru, wato ƙololuwar.

Sauka kuwa ta hanyar Mweka ce, ita ce ta cinye mini gwiwa. Ka yanke farcen ƙafa kafin ka taso, ni biyu suka fita bayan na dawo. In kwana 5 kawai kake da su, ka ɗage tafiyar har ka samu 7.