Amsa: kwangilar gina azuzuwa da maganin zafi

Malam, ka tambaya ko hanyar ba da kwangila za ta iya rage zafin azuzuwa ba tare da janareta ba. Za ta iya, in an gyara takardar sharuɗɗan. Maimakon a lissafa wa ɗan kwangila bulo da kwano ya kawo mafi arha, a rubuta abin da ake so: iska ta ratsa aji, hasken rana ya isa allo. A kuma haɗa kuɗin wuta da gyara cikin lissafi.

Dubi makarantar Gando a Burkina Faso, wadda masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina a 2001: tubalin ƙasa, kwano a ɗage sama da silin, zafi na ficewa ta sama. Ba kwangilar gwamnati ba ce, amma ba abin da zai hana SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a Najeriya, sa irin wannan sharaɗi.