Tambaya da Amsa: Wai "chop" ci ne ko yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni dai tun tasowata na san in an ce chop to ci ake nufi, irin "come chop" ɗin da ake cewa a Sabon Gari, to shekaranjiya ina kallon wata baturiya tana girki a YouTube sai na ji ta ce a yi chop ɗin albasa biyu kafin a ɗora tukunya, na ce ikon Allah, ɗanyar albasa za a cinye? Don Allah a warware min. Daga Maman Ilham, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Ilham, wallahi kin ba ni dariya, amma fa ke da baturiyar duk kuna da gaskiya. A turancin Ingila da Amurka chop sara ne ko daddatsa abu, wato ki ɗora albasa ko attaruhu a kan katako ki yayyanka gutsi-gutsi ba sai sun zo daidai da juna ba, kamar dai yadda muke wa alayyahu in za a yi miyar taushe. Mai saran itace da gatari ma chop yake yi.

Inda ya kamata ki lura shi ne masu girkin nan ba sa haɗa shi da sauran yanka. In ta ce slice to fale-fale take so, irin albasar da mai tsire ke zubawa a kan nama, in ta ce dice ƙanana ne masu kusurwa huɗu kamar karas ɗin firaid rais, mince kuwa ƙanana sosai har ya kusa zama niƙa, shi ya sa niƙaƙƙen naman sambusa suke ce masa minced meat. Ni dai a ganina in miya ce za ta dahu ta narke duk wahalar banza ce, amma a salak ko kwaslo yankan yana nunawa.

Chop mai nufin ci kuma na Burokan ne, namu na Afirka ta Yamma. A Gana gidan abinci chop bar suke ce masa, kuɗin cefanen da maigida ke ajiyewa da safe kuma chop money, a Najeriya ga small chops na biki, su sambusa da fanke. Abin da ke burge ni, yadda Bahaushe ke cewa wane ya ci kuɗin jama'a, haka mai Burokan zai ce ya yi chop ɗin kuɗin, ba ko bambanci.

Sai ki kiyaye, in kin ga lamb chop a takardar abincin otal yankin naman rago ne da ƙashin haƙarƙari a jiki, pork chop kuwa alade ne, kar ki kuskura.