Shin in biya kuɗin koyon jirgin jet da kaina?

Tambaya: Kyaftin, barka da aiki. Na gama kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, ina riƙe da lasin CPL, wato na matuƙin jirgin kasuwanci, da awa 200 na tuƙi da ɗan ɗori, amma aiki shiru. Baba yana son sayar da filinsa na Rigachikun ya biya min taif-retin na Airbus A320 a Turai. In amince?

Amsa: Ƙanena, ka ce wa Baba ya dakata. Muddin babu kamfanin da ya ba ka takardar ɗaukar aiki a rubuce, ɗauke da sunan nau'in jirgin da za ka tuƙa, kada a taɓa filin nan.

Taif-retin izini ne da ake bugawa a lasinka na tuƙa nau'in jirgi guda ɗaya tak. Mai na A320 ba zai zauna a Boeing 737 ba. To dubi abin da ke tashi a sararinmu. Max Air 737 yake amfani da shi a zirga-zirgar cikin gida, Air Peace na da 737 da Embraer, Ibom Air na da CRJ900 da A220, Rano Air kuwa ERJ145. A320 ɗin da kake hangowa jefi-jefi a Abuja ko Legas galibi na haya ne, da matuƙansa yake zuwa. Wa zai ɗauke ka kenan?

Shi kwas ɗin kusan mako biyu ne a aji kan injin, lantarki, mai da sauran sassan jirgi, sai aƙalla awa 32 a na'urar kwaikwayon tuƙi bisa tsarin Turai, sai jarrabawa. Daga nan a hau jirgin gaske babu fasinja, ka tashi ka sauka sau 6. A nan ake yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. Makaranta ta tallata farashi mai sauƙi ba ta sa wannan mataki na ƙarshe ba, alhali shi kaɗai dubban daloli ne, kuma in babu shi izinin ba ya hawa lasinka. Idan aka haɗa komai, lissafin yakan kai dala 20,000 zuwa 30,000, ban da biza, tikiti da masauki.

Abin da ya fi damuna shi ne izinin yana mutuwa. Wata 12 ne ransa a tsarin Turai, sabunta shi kuma sai ka sake hayar na'ura da mai jarrabawa daga aljihunka. Hannu ma yana sanyi. Wanda ya yi wata takwas a gida ba ya tuƙi, ranar gwajin kamfani zai riƙa laluben maɓalli, mai gwajin kuma cikin minti goma zai gane. Sannan tallan aiki da yawa awannin da ka yi a kan jirgin suke tambaya, sau da yawa 500, kai kuwa sifili gare ka.

Hanya mafi aminci ita ce kamfani ya tura ka da kuɗinsa, ka sa hannu za ka yi masa aiki na wasu shekaru. Karanta yarjejeniyar da lauya: nawa za ka biya in ka tafi, bashin yana raguwa duk shekara ko a'a, me zai faru in kamfanin ne ya durƙushe. Idan kuma sun ce kai za ka biya amma aikin a rubuce yake, to ana iya dubawa. Kafin ka tura ko sisi, ka sami tabbaci daga NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a Nijeriya, cewa ta amince da makarantar. Masu cewa ka biya su ka tuƙa fasinja don tara awanni, ka guje su.

Kafin nan, kada takardar lafiyarka ta aji ɗaya ta mutu, haka izinin tuƙi ta hanyar dogaro da na'urorin jirgi da shaidar Turanci mataki na 4. Yi kwas ɗin aikin matuƙa biyu, wato MCC, kuɗinsa bai kai rabin na taif-retin ba. In da hali ka nemi izinin koyarwa, ka riƙa tara awanni ana biyanka.