Me ya sa muke yayyanka bayanai cikin tebur?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa sai mun raba bayanan abokin ciniki cikin tebur uku ko huɗu, alhali a manhajar da kake rubutawa da Java abu guda ne dunƙule: sunansa, adireshinsa da odojinsa duk a haɗe. Me zai hana a ajiye shi yadda yake?

An gwada, kuma gardamar ta girme ka. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin tebur, inda kowane bayani ke layinsa, lambar shaida ce ke haɗa wannan tebur da wancan. Kamfanin Oracle ya fara sayar da rumbun bayanai irin wannan a 1979. Da yarukan rubuta manhaja Smalltalk da C++ suka yi tashe, masu rubuta manhaja suka gaji da kwance abu zuwa tebur da sake ɗaure shi, sai aka fito da rumbunan da ke ajiye abu dunƙule, irin su GemStone, ObjectStore, Versant da O2 na Faransa. Har ƙungiyar ODMG aka kafa don ta daidaita su. Ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 1993, ta watse a 2001.

Kada ka raina su. In aikinka zanen inji ne mai dubban sassa, kowane sashe na nuna wanda ke maƙale da shi, rumbun dunƙule ya fi sauri, don yana bin alaƙar kai tsaye ba tare da haɗa tebur ba.

Amma ga abin da ba ka gani ba tukuna: bayanai sun fi manhaja tsawon rai. Manhajar nan taka za a sake rubuta ta, wataƙila da wani yare, bayanan kuwa suna nan. Rumbun dunƙule yakan ɗaure su da fasalin da mai rubutun farko ya zaɓa. Shi ya shimfiɗa hanya daga abokin ciniki zuwa oda, shi ke nan. Ran da manaja ya ce a kawo masa kayan da aka fi dawowa da su, da yankin da masu dawowar suke, babu hanyar da ta bi ta can, sai ka zauna ka rubuta shirin da zai bi kowane abokin ciniki ɗaya bayan ɗaya. A SQL kuwa, wato yaren da ake yi wa rumbun tebur tambaya da shi, abin da kake so kawai za ka faɗa, layi biyar ko shida, injin rumbun ya nemo hanyar da kansa. A ganina wannan ne ya yanke gardamar, ba talla ba, ko da yake kuɗin manyan kamfanoni ma ya yi nasa aikin.

Daga baya masu tebur suka ari abin da ya yi musu. Ƙa'idar SQL ta 1999 ta shigo da nau'ukan bayanai masu sassa, rumbun PostgreSQL ya ƙara JSONB, wato hanyar ajiye abu dunƙule a cikin tebur, a 2014, Hibernate kuma, wani kayan aikin manhaja, tun 2001 yake yi wa masu Java kwancewa da ɗaurewar da kake kuka da ita.

Yi amfani da Hibernate ɗin, amma kada ka sakar masa ragama. Zana teburanka da hannu tukuna, sannan ka kunna wurin da yake nuna SQL ɗin da yake aikawa. In ka nemi abokan ciniki 100 ka ga tambaya 101 ta fita, yana ɗauko odojin kowa daban ne. Gyara wannan kafin ka kawo mini aikin.