Amsa: Me ya sa jinin mai doguwar jinya ke raguwa ko yana shan maganin ƙarin jini?

'Yar'uwa, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya. Kin ce tana fama da tarin fuka, tana shan ƙwayar ƙarin jini, amma gwaji na nuna jinin bai ɗaga ba. Hakan na faruwa, kuma garkuwar jiki na da hannu a ciki.

A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Can akwai wata ƙwayar garkuwa da ake kira makrofej. Tana zaune a tsakiya, 'yan ƙwayoyin da ba su nuna ba sun kewaye ta kamar kaza da 'yan tsakinta. Idan ƙwayar jinin ta kusa nuna sai ta tofar da cibiyarta, makrofej ɗin ta haɗiye. Bayan kwana 120 kuma, makrofej na saifa da hanta su ke cinye tsofaffin, su maido da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Mafi yawan ƙarfen da ɓargo ke aiki da shi daga nan yake fitowa, abinci kaɗan yake ƙarawa.

To idan cuta ta daɗe, sai hanta ta yawaita sinadarin hefsidin. Shi kuwa yakan kulle ƙarfen cikin makrofej, ya hana hanji tsotsar sabo daga abinci ko daga ƙwayar ƙarin jini. Jiki na ɓoye shi ne don ƙwayoyin cuta su rasa, amma ɓargo ma sai ya rasa, shi ya sa jinin ba ya ɗagawa.

Don Allah kar ku ƙara mata yawan maganin da kanku. Ta riƙe maganin tarin har ƙarshe, ku nemi likita ya duba ma'ajiyar ƙarfen jikinta.